Kakannin da Ke Zaune a Baranda

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni.

Ni nas ce a wani asibiti a nan Jos. Wani likita baƙo yana bincike kan yaran da ake kawowa sun yi ta amai, daga nan sai suma, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Yana zargin maganin tsayar da amai da ake saya a kemis. Ba ya jin Hausa, don haka sai an sami mai yi wa iyaye tambaya. Ni haifaffiyar unguwar Gangare, na riga na sa rai, sai kawai ya ɗauki wata, bari in kira ta Ngozi, wadda har yau "yarinya ya zo" take cewa! Da me ta fi ni? Turanci? Wallahi in na hango su suna dariya a ofis, sai in canza hanya.

To, ga inda na cuci kaina. Ngozi uwa take tambaya, "Mama, ka ba shi magani?" In ɗan fari ne, uwa ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Kunya ce, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna ta damu a gaban mutane. Mai jinyar gaskiya kaka ce, tana can baranda, sau da yawa kwalbar maganin na ƙulle a bakin zanenta. Ina gani, nake wucewa abina. Ngozi ta taɓa ce min, "Sista, me ya sa ba su son magana da ni?" Na ce, "Oho, ke oga ya zaɓa ai." Har daɗi na ji, Allah ya yafe min.

Yanzu likita ya ce da alama maganin ba ruwansa, zai rufe binciken. Ni ma ban ce maganin ne ba, amma ta yaya za a wanke shi alhali ba a tambayi masu bayarwa ba? Jiya ƙanwata ta ɗauko irinsa za ta ba ɗanta, ta ce, "Yaya, ba ke kika ce likitanku ya ce ba komai ba?" Ban san sanda na fizge kwalbar ba.

Na tsare namu, na bar 'ya'yan mutane. In na yi magana, aiki ya gyaru, ita za a yaba, ni a tambaye ni dalilin shiruna. Kuma ko yanzu da nake rubutun nan, yabon nata ne ya fi ci min rai. Jama'a, me zan yi?