Sandar Malalata

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Wataƙila gara haka, don ni da na tsaya a aji huɗu, kai da kanka kake cewa rubutuna kamar kaji sun yi dambe a kan takarda.

Gida lafiya. Innarka ta daina kuka a waya, yanzu shiru take yi, ni kuma in yi ta zuba har katin ya ƙare. Matarka Hauwa ta yaye Abba. An ce ya fara ɓalle murfin rediyon kakarsa, to ka ga jini ba ya ɓuya. Nan ƙasar Larabawa kuwa duk an tone unguwar Al Rigga, wai jirgin ƙasa za a sa. Gadonka na ɗakinmu a Abu Hail wani ɗan Ghana ne a kai yanzu, Razak, mai minshari kamar janareta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, sandarka ta karye.

Ka san aikina bai canza ba. Masu kuɗi su bugi ƙwallon golf, mota ta kwashe na tsakiyar fili, mu kuma mu bi gindin shinge muna sunkuyo muna tsintar sauran. Ka tuna ranar da ka zo da ita daga shagon waldarku na Al Quoz? Bututun roba, da waya a bakinsa, a danna shi kan ƙwallo ya haɗiye, mutum na tsaye. Ka ce Turawa za ka sayar wa. Ka ba ni labarin wani baƙar fata, likitan haƙori a Amurka, wanda tun zamanin da ya ƙera ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, lokacin kowa ƙasa yake tarawa da hannu. Ka ce bai ci komai a ciki ba, abokansa ya yi ta raba wa.

Ni me na ce? A gaban 'yan ɗaki na ce to madalla, kai ma haka za ka mutu ba ka ci komai ba. Na raɗa mata suna sandar malalata, na yi rawa da ita. Kowa ya yi dariya, har kai. Ka fara nuna mini yadda wayar take kama ƙwallo, na katse ka da wani barkwancin. Kafin zafin shekarar ya wuce ciwon ajali ya kwantar da kai. Nasiru, wane irin uba ne bakinsa yake riga hankalinsa?

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. A nan duk wanda shugaban aiki ya gani ba ya iya sunkuyo, khalas, shi ke nan, ba a sabunta masa biza. Da na riƙe sandarka, ai na faɗa wa duniya bayana ya gama aiki. Shi ya sa nake shafa baƙi a gemu har gobe.

Bayan rasuwarka bayan nawa ya ƙi gaba ɗaya. Na riƙa ɓoye ta a cikin buhu, in na shiga bayan itatuwa in fito da ita. Ita ta riƙe mini aikin, aikin kuma shi yake ciyar da Innarka da Hauwa da Abba. Shekaranjiya wayar bakinta ta tsinke. Na zauna ina jujjuya ta kamar biri ya tsinci agogo. Bayanin da ka so yi mini ne nake nema, ga shi ban saurara ba.

Na kai ta wajen maigidanka, Malam Isufu ɗan Nijar. Ya gane ta nan take. Ya ce gyaran ba wuya, amma shi ba ya jin an yi ta don Turawa. Ya miƙe ya gwada, sai da ya ranƙwafa. Ya ce wannan ta gajere ce, kuma mariƙinta na bahago ne. Sai ya kalle ni, ya kau da kai.

A duk filin nan gajere bahago mutum ɗaya ne, Nasiru. Yaushe ka auna ni? Ashe kana ganin yadda nake dafa bango in na tashi daga sallah? Ashe maganar Turawa ka ƙirƙiro don kada in ji kunya?

Malam Isufu ya gyara ta, jiya na shiga fili da ita a hannu, ba buhu. Shugaban aikin ya tsaya yana kallo, na ce masa ɗana ne ya ƙera, injiniya ne. Biza kuwa wata mai zuwa za a san matsayinta. In an sallame ni, da ita zan koma gida, in ajiye wa Abba, in yi masa bayanin wayar. Na sa Malam Isufu ya koya mini, kuma wallahi har ya gama ban yi wasa ba.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka.

Ni ne malalacin da aka yi wa sanda,
Babanka, Ɗanjuma Gajere.