Rahoto Kan Farar Rigar Auta

Auta,

Ana sanar da kai cewa farar rigar da za ka sa zuwa ganawar neman aiki ta gamu da hatsari yau da safe, a hannun Babanka, ba tare da mugun nufi ba.

Ya goge ta tsaf, har karin guga ya fito. Sai ya tuna cewa a shekara talatin da biyu da ya yi yana akawu, bai taɓa ganin an ɗauki mutumin da ba alƙalami a aljihunsa ba. Saboda haka ya maƙala maka nasa na tawada. Alƙalamin da bai taɓa ɗiga ba a bakin aiki, yau shi ma ya yi ritaya, ya juye tawadarsa a aljihun.

An bi ƙa'idar ofis wajen gyara: an danna wurin da farin tawul ɗin Mamanka, aka shafa farin ruwan goge kuskure. Sakamakon bai gamsar ba.

Umarni ɗaya ne: ka ɗora kwat ɗin Baba da ke bayan ƙofa, ka sa maɓallanta duka. Ko sun ce ka cire ka sha iska, ka ce musu sanyi kake ji. Ganawar ƙarfe goma ce, kada ka makara.

Baba ya tafi wurin tantance 'yan fansho. Bai taɓa ɗokin bin layi kamar yau ba.

Asarar da aka yi: riga ɗaya, alƙalami ɗaya, rabin kwalbar ruwan goge kuskure, da tawul ɗaya, wanda ba a sanar da mai shi ba tukuna. Don Allah ka samo aikin kafin ta gani.

Babanka,
Akawu mai ritaya