Kwalabena a Firijin Baba

Samaru, Zariya
Maris, 2006

Ƙawata Naila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Gusau, ya fama da ɗalibai?

Kullum sai kin tsokane ni wai digirin ruwan kwata nake yi. To saurara. Amiba halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya, ido ba ya ganinta. A jikinta akwai wani furotin mai kama da fosfatas, wato sinadarin da ke cire fosfet daga wasu furotin ya canza musu aiki. Nawa kuwa siffar kawai ya gada. Tun kaka da kakanni ya daina cire komai, amma amiba ta ƙi yar da shi. Me yake tsinana mata? Shekarun nan duk na kashe su ne wajen samo irin amibar da ba ta da shi. Saura in gwada ta da mai shi, in rubuta, in huta.

Sai taransifomar makarantarmu ta ƙone, wuta ta ɗauke. Na kwashi 'yan kwalabena da amibar da na samo ke ciki na kai gida Sabon Gari, na sa a firijin da Baba ke ajiye allurar ciwon sukarinsa, tunda akwai janareto. Ba ni da wasu ko'ina. Jikin nasa dai sai a hankali.

Taki,
Jemimah

Sabon Gari, Zariya
Afrilu, 2006

Naila,

Ina gaisuwa. Ta'aziyyarki ta iso, Allah ya bar zumunci. Ya yaran?

Mun binne Baba. Kowa na kuka, ni ina ta jera kujeru. Har yau ban ji komai ba, sai barci.

A gidanmu, kafin a dawo daga maƙabarta ake kawar da magungunan mamaci, don kada matarsa ta gani. Gwaggo Lucia, ƙanwar Baba, ita ta tsaya yin wannan. Ta buɗe firij ta ga ƙananan kwalabe da rubutuna a jiki, ni ce kuwa mai rubuta wa Baba awon allura a nasa. Ta tsiyaye duka a makwarara.

Da na dawo ta miƙo min su a leda, ta wanke su tas da sabulu, wai ko za su yi min amfani a makaranta. Idonta ya kumbura suntum. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi mata godiya.

Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ki gaida gida.

Taki,
Jemimah