Karen da ya yi mana gadin gini ya ƙi barin ƙofarmu

Salamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni ki sa wasiƙata a filin wannan makon, domin matsalata ba za ta jira mako mai zuwa ba. Na san kin saba da kukan miji da na dangin miji, to ni tawa matsalar ta kare ce. Ki riƙe dariyarki sai kin kai ƙarshe, ko da yake ni ma ina cikin ɓacin ran take kuɓuce mini wani lokacin.

Ni malamar makaranta ce, maigidana kuma gyaran firji yake yi. Bara muka tare a gidanmu a wata sabuwar unguwa a bayan gari, irin wadda za ki ga gida mai fenti, sai kango, sai fili duk ciyawa, sai kuma wani gidan. A bayan layinmu akwai wani kwari mai bishiyoyi. Lokacin da muka zo, da safe kukan fakara ke tashinmu, kurege na tsere a kan katanga, zomayen daji na fitowa da yamma, bushiya kuwa har cikin lambuna take shigowa. Yarana da suka tashi a gidan haya, ba su san wata dabba ba sai ɓera, suka zama kamar an kai su gidan zu. Yanzu kwarin ya yi tsit. Karnuka sun cinye rabi, sun kori sauran.

Karnukan nan ba daga sama suka faɗo ba. A unguwarmu duk wanda ya fara gini, maigadinsa kan samo ɗan kwikwiyo ya ajiye saboda ɓarayin rodi da siminti. Idan gini ya ƙare a sallami maigadi, a sa ƙofar ƙarfe, a ja waya a kan katanga, karen kuwa ba wanda ke ce masa uffan. Su ne suka haɗu a kangaye suka hayayyafa, yanzu sun zama garke guda.

Shugabansu wani jan kare ne mai yankakken kunne ɗaya. Leburori suka sa masa suna Siminti, don a kan buhunan yake kwanciya, kullum jikinsa furu-furu. Shi ya yi gadin gininmu tun daga tushe har rufi, ko ƙusa ɗaya ba a ɗauke mana ba. A lokacin maigidana har alfahari yake yi da shi a gaban abokansa. Da muka tare, maigadi ya tafi abinsa, sai maigidan ya ce shi bai taɓa sayen kare ba, na maigadi ne. Aka kira maigadin a waya, ya ce ina, karen gidan ne, da abincin gidan ya girma, shi ko inda zai ajiye kansa bai gama samu ba.

To Anti, shi Siminti bai san an sallame shi ba. Kullum da safe yana zaune a ƙofarmu. Idan maigidana ya fito da mota, sai ya raka shi har bakin titi, mutanensa na biye. Idan na fito zan tafi makaranta a ƙafa, haka za su jero a bayana, in tsaya su tsaya, in yi sauri su yi sauri. Ɗalibaina sun sa mini suna Malama mai sojoji, har shugaban makaranta na ji ya faɗa a ofis da ya ɗauka ba na kusa. Ban taɓa ba shi ko loma ba, Allah ne shaidata. Na yi kora, na yi tsawa, na watsa ruwa, sai ya karkaɗe jiki ya kaɗa mini jela.

Muna da kyanwa, Manaja muke ce mata don ba ta aikin komai sai kallon masu aiki. Garken nan ya kashe kyanwoyi biyu a layinmu, amma Manaja a gabansu take wucewa tana rangwaɗa. In wani ƙaramin kare ya yunƙuro mata, gurnani ɗaya Siminti zai yi ya koma ya zauna. Wannan ma ya zama abin magana, ana cewa karnukan sun san na gida.

Sai kuma ya fara kawo mana tsaraba. Farko bushiya muka tarar a ƙofa, ya jera ta daidai tsakiyar dakali. Daga baya fakara, sai kurege. Maigidana ya riƙa fita da shebur tun kafin mutane su fito yana binnewa, yana ƙunƙuni. Da aka kai ga kazar mai shagon layinmu, sai ya ce abin ya isa, ya lallaɓa ya sa Siminti a bayan motar aiki ya kai shi can ƙetaren gada ya sauke. A hanyar dawowa ya tsaya duba wani firji. Ko da ya iso gida, ga Siminti a ƙofa ya taso yana yi masa maraba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Maƙwabciyata ta jikin katanga, Maman 'Yan Biyu, nas ce. Ita ce mutum ta farko da ta shigo gidana ranar da muka tare, da tsintsiya da ruwan sanyi. Makullin gidana ɗaya a hannunta yake zama, nata ɗaya a hannuna. Da 'yata ta yi zazzaɓi mai zafi maigidan ba ya gari, ita ta tsaya a kaina har jikin ya sauka. Ba ni da ƙawa irinta, kuma a shekaruna ba a yin sabuwa da sauƙi. Tana kiwon zomaye a bayan gidanta, cikinsu akwai wani ƙaton fari da take ji da shi, Dokta take kiransa saboda farar rigarsa. Makon jiya karnukan suka haƙa ƙarƙashin shingenta.

Ta fito nema da kayan aiki a jikinta, sai ga Dokta a shimfiɗe a kan dakalina, Siminti na zaune a gefe yana kaɗa jela yana jiran a yaba masa. Daidai nan na buɗe ƙofa da jakata a kafaɗa. Anti, ko sannu ban ce mata ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, wallahi ba namu ba ne. Ta dube ni, ta dubi karen da ya matso yana shinshinar takalmina, ta ce to in gaya masa, don shi bai sani ba. Ta ɗauki zomonta a cikin gyalenta ta shige. Da yamma aka turo mini makullina.

Tun ranar in na gaishe ta sai ta amsa wa katanga. Mijinta kuma ya rubuta a zauren unguwa na waya cewa ranar Asabar zai barbaɗa guba a nama ya watsa a kangaye, mutane sai sa masa hannu suke yi. Maigidana ya ce mu yi shiru, duk wanda ya yi magana ya amsa cewa karensa ne, a ɗora masa kuɗin kaza da zomo da duk abin da ya ɓace tun kafuwar unguwar. Ni kuwa na kasa cin abinci. Manaja ba abin da ba ta ci, naman nan ma ba za ta bar shi ba. Yara na wasa a kangayen nan. Kuma, in faɗi gaskiya, in na tuna za a wayi gari a ga Siminti a miƙe, sai tausayinsa ya kama ni, alhali ni ko son karnuka ba na yi.

Anti, karen nan namu ne ko ba namu ba ne? Ya zan yi in dawo da ƙawata? Ki taimaka kafin Asabar.

Taki, Uwar Manaja


AMSA

Wa alaikumus salam Uwar Manaja. Na riƙe dariyar har zuwa wajen ƙetaren gada, daga nan ta fi ƙarfina. Amma na ga inda ke miki ciwo, don haka bari mu yi magana.

Karen naku ne. Ya yi muku aiki tun daga tushe har rufi, kuka rufe ƙofa kuka bar shi a waje ba sallama. Abin da yake jerawa a dakalinki, a wajensa aikin yake ci gaba da yi. Maigidanki mai gyaran firji ne, ya fi kowa sanin abin da ba a zare daga wuta ba yana nan yana aiki. Sai dai yana da gaskiya ta wani ɓangaren: ba duka garken ne naku ba, kuma bai kamata a ɗora muku laifin unguwa gaba ɗaya ba. Mijin ƙawarki ma kada ki ɗauke shi mugu. Garken karnuka da ya saba farauta ba abin wasa ba ne, wanda ya haƙa shinge don zomo ba a san abin da zai yi da yaron da ya ruga a gabansa ba. Tsoronsa daidai ne, maganinsa ne ba daidai ba.

Ki fara da Maman 'Yan Biyu, yau ɗin nan. Ba mutuwar Dokta ce ta dawo miki da makulli ba, maganar da kika yi ce. Ta fito ta tarar da abin da take so a mace, ke kuma kika tsaya wanke kanki. Ki je hannu rabbana, kada ki riƙo sabon zomo kamar wadda ta fasa kwano ta zo biya. Ki ce mata kin ji zafin rashin, kin yi kuskure a abin da kika faɗa, kuma karen naku ne za ku ɗauki nauyinsa. In ta yi faɗa ki bar ta ta yi, kin ci bashinsa. Maganar zomo da gyaran shinge ta biyo baya, maigidanki ya zuba mata kankare a ƙarƙashin shingen da hannunsa.

Ita ce kuma za ta tsayar da maganar Asabar, ba ke ba. Nas ce, ta san abin da guba ke yi in ta shiga cikin yaro. Guba ba ta tambayar sunan mai ci. Za ta kashe Manaja, ta kashe sauran bushiyar da ta rage a kwari, ta kashe tsuntsun da ya ci gawar. Bayan duk wannan ɓarnar, muddin ana gini ana yar da karnuka, shara kuma na zube a buɗe, wani garken zai maye gurbin wannan kafin ku gama murna.

Sai ku shiga zauren nan na waya da maigidanki ya ce ku yi shiru a ciki. Ku rubuta a fili cewa Siminti naku ne, kun ɗauke shi. Sannan ku tambaya, baƙin karen nan gadin ginin wa ya yi, mai dabbare-dabbaren fa? Magina na nan, sun san kowane kare da gidansa. Za ki ga waɗanda suka fi kowa sa hannu sun fara kame-kame. Wanda ba zai iya riƙe nasa ba ya nema masa gona ko gareji da ke buƙatar gadi. Ku haɗu ku kira likitan dabbobi ya yi musu allurar ciwon hauka, ya yi musu aikin da zai hana su hayayyafa. Waɗanda suka riƙa har ba sa kusantuwa, ku kai maganarsu ga hukumar da ke kula da dabbobi a yankinku, kada wani ya ce zai kama da hannu, balle karyar da ke da 'ya'ya. Ku rufe shara. Ku kuma yi doka a unguwa, duk mai ginin da ya ajiye kare, ranar tarewa da karensa zai tare.

Kafin a gama wannan, ku ja wa yara kunne kada su yi gudu a gaban karnukan, kada su jefe su. Wanda aka ciza ko aka yakusa a wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Shi kuwa maigida ki kwantar masa da hankali, ba a ce ya shigar da kare falo ba. 'Yar rumfa a bakin ƙofa daga ciki, kwanonsa daban, ruwansa daban. Karen da ya ƙoshi yana bayan katanga ba ya zuwa kwari farauta, garken ma in ya rasa shugaba ƙarfinsa zai ragu. Ku kuma kun sami maigadin da kun riga kun san aikinsa. Sunan Malama mai sojoji ne dai ba na jin zai bar ki, wannan sai haƙuri.

Ƙawarki ta ce ki gaya wa Siminti cewa ba naku ba ne. Ni na ce kada ki gaya masa komai, ki buɗe masa ƙofa kawai. Daga nan ki sa makullin nan a jaka ki ƙwanƙwasa ta maƙwabta. Allah ya huci zuciyarta, ya tsare yaran unguwa, ya dawo muku da kukan fakara. A shafa mini kan Manaja, in ta yarda.

Anti