Igiya Mai Ƙulli Goma Sha Biyu

Litinin, 5 ga Mayu

Tun ƙarfe biyu na rana ake hayaniya a kangon filin da ke bayan tagata, wurin da shekara goma sha ɗaya ban ji komai daga gare shi ba sai kukan awaki. Da na leƙa, 'yan mata ne kusan ashirin suna tsince duwatsu da fasassun kwalabe suna zubawa a buhu. A tsakiyarsu ga jikata, wadda na koya wa lissafi tun kanta bai kai tebur ba, ta ɗauko dutse a ka kamar 'yar ƙwadago. Na saki labulena.

Laraba, 7 ga Mayu

Ta hawo ta same ni, ƙafa duk ƙasa, ta zauna mini a kan shimfiɗa ba tare da an ce ta zauna ba. Ga bayanin da ta yi, in na fahimce shi daidai. Ƙungiyarsu ta ƙwallon mata ta buga wasa goma, ta ci tara. Saura guda, ranar Asabar 17 ga wata, kuma in sun ci za su hau babban rukuni. To, kwamitin unguwa ya ɗauki babban fili, mai ciyawa da raga da ɗakin sauya kaya, ya ba ƙungiyar maza a wannan rana domin wasan sada zumunta. Su kuwa aka nuna musu kango aka ce ga wuri nan. Alƙalin wasa zai zo ranar Juma'a, jajibirin wasan, ya auna. In filin bai cika ƙa'ida ba, an ba abokan karawarsu nasara ke nan ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Na ce mata wannan ba matsalata ba ce, kuma da ta ba littattafanta rabin ƙwazon da take ba duwatsu, da yanzu ana kiranta da wani suna, ba Katanga ba. Haka suke kiranta, wai don ita ce mai tsaron gida. Ta ce, “Kaka, ai ke na gado, ba abin da ke wuce ki.” Ta shanye mini ruwan sanyi ta sauka.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hayaniya. Ban karanta ko shafi ɗaya ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau suka fara shata layi. Sun huda gindin gwangwani, sun cika shi da farar ƙasa, ɗaya tana tafiya da baya tana zubawa, sauran suna ce mata “dama, dama, a'a hagu.” Da ido suke auna fili! Daga bene na biyu komai a bayyane yake: kusurwar da ke wajen bishiya ta buɗe baki, ta wajen juji ta tsuke, filin gaba ɗaya ya kwanta gefe kamar hular ɗan tasha. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa barin irin wannan zane ya kwana a kan allona ba.

Amma ba allona ba ne.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ɗana ya zo da waƙarsa ta kullum: in bar benen nan in koma gidansa, gwiwata, matakala, in na faɗi wa zai sani. Na ba shi amsar da na saba. Da ya ga 'yarsa ta taga sai ya yi dariya ya ce, “Ƙyale su, Mama, ƙwallon mata ai motsa jiki ne, in ta gaji za ta bari.” Shi kuma ya karɓi katin gayyata na wasan maza, waɗanda, kamar yadda na ji, an lallasa su sau bakwai a bana.

Kusan maganata ce ya maimaita, kalma da kalma. Ban san dalilin da ya sa ta yi mini ɗaci a bakinsa ba. Na ce masa ina da aiki, ya tafi da wuri.

Talata, 13 ga Mayu

Mai kula da babban fili ya bi ta ƙarƙashin tagata yana tura keken shata layi. Tsohon ɗalibina ne, ɗan kujerar baya, yanzu har da furfura. Na kira shi, ya cire hula. Na tambaye shi me ya hana a ara wa yaran nan keken na awa biyu. Ya ce, “Malama, ni ɗan aike ne. Keken na maza ne, kwamiti bai ce ba.” Sa'an nan ya dubi layin 'yan matan, ya yi murmushi, ya ce da ma ko makaho ba zai karɓi wannan ba.

Na ce, “Ka gaya musu?”

Ya ce, “Ba su tambaye ni ba, Malama.”

Wato ya sani, kwamiti ya sani, kowa yana jiran Juma'a ta zo ta yi musu aikin, hannunsu bai taɓa kowa ba. Na sha ganin rashin adalci mai tsawa da zagi, kuma na fi girmama shi a kan irin wannan mai cire hula.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gaya wa jikata cewa filinsu a karkace yake. Na faɗa a taƙaice, ba gori. Ta gaji, na gani, leɓenta duk ya bushe. Ta ce, “Kaka, daga taga kowa gwani ne.” Ba ta ma yi sallama ba.

Ni za a ce wa haka.

Da la'asar na kwance igiyar shanya, na ɗauko ma'auni, na yi mata ƙulli goma sha biyu, mita ɗaya tsakanin kowane biyu, na haɗa bakin. Yatsuna sun fara sandarewa, likita ya ce in riƙa motsa su.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na sauka. Matakala talatin da biyu, na ƙidaya su da gwiwata, kuma ban riƙe hannun kowa ba.

Na iske suna sauya kaya a bayan zani, biyu sun riƙe bakinsa, ga ƙattin unguwa zaune a kan katanga suna kallon abin da bai shafe su ba. Na dube su irin duban da nake yi wa aji in an jefa takarda. Suka tuna suna da wurin zuwa.

Kocinsu ta taso. Mace ce mai natsuwa, ma'aikaciyar jinya, daga aiki take zuwa nan ba ta ko huta ba. Ta ce, “Mama, ko muna damun ki da surutu ne?” Na ce ƙwarai kuwa, amma ba shi ya sauko da ni ba, a share layin nan duka. Wata gajeriya ta ce kwana biyar suka yi suna yin sa. Na ce kwana biyar na yi ina kallon sa, kuma ni na fi shan wuya.

Na ba mutum uku igiyar: ɗaya ta riƙe ƙulli, ta biyu ta ƙirga tazara uku ta riƙe, ta uku ta ƙirga huɗu ta wancan ɓangaren. Da suka ja ta miƙe, ragowar biyar ta tsaya a tsakaninsu, kusurwa ta fito cak. Gajeriyar ta ce, “Au, wannan ne na cikin littafi?” Shi ne, 'yata. Shi ne wanda kika yi barci ana koyar da shi.

Muka kafa turke, muka ja zare mita casa'in. Nan wata matsalar ta fito: da filin ya miƙe, kusurwa ta huɗu ta faɗa cikin juji. Ashe abin da ya sa suka karkata ke nan tun farko, suna gudun juji ba su sani ba. Na zaci za su karaya. Jikata ta dubi tulin sharar, ta dube ni, ta je ta aro shebur. Awa uku suna kwasa, hanci ɗaure da ɗankwali, suna waƙar zolayar juna. Ban taɓa ganin an yi wa wani abu irin wannan bauta ba tare da an tilasta ba, kuma na yi aiki da malamai ɗari.

A ƙarshe na sa aka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta nan da ta can. Bambancin bai kai tafin hannu ba. Na ce a sake. Koci ta ce, “Mama, tafin hannu fa.” Na ce a sake. Aka sake.

Jikata ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dai tsuguna ta kakkaɓe mini farar ƙasa daga takalmi, ta ce ashe na iya tafiya.

Juma'a, 16 ga Mayu

Alƙalin wasa ya zo da tef ɗinsa, sakataren kwamiti yana biye da shi, fuska ɗauke da ta'aziyyar da ya shirya tun daga gida. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna gidan gola, ya koma ya sake auna kusurwar juji. Sa'an nan ya ce, “Ya yi,” ya sa hannu.

Ya yi. Kalma biyu. Sakataren ya ce ai da ma kwamiti ya san 'yan matanmu ba za su ba shi kunya ba. Na juya masa baya, domin abin da ya zo mini baki bai dace da shekaruna ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na sauka da kujerata don in ga ko layin zai jure takawa. Jama'a ta fi yadda na zata nesa ba kusa ba: mata da goyo, 'yan makaranta, tsofaffi, har kan katanga da rassan bishiya. Daga babban fili ana jin lasifika tana gabatar da manyan baƙi.

An ci su biyu da ɗaya. Ba za su hau rukunin ba a bana.

Zan rubuta yadda ta biyun ta shiga, domin a samu wurin da aka rubuta shi daidai. Wasan maza an tura masa alƙali da mataimaka biyu masu tuta. Nan an turo mutum ɗaya, shi kaɗai, yana tsakiyar fili yana haki. Saura minti shida ƙwallo ta fita ta layin gefe, a gabana, ta wuce shi da fiye da taki guda. 'Yan matanmu suka tsaya, kamar yadda duk mai ido zai tsaya. 'Yar wancan ɓangaren ta jawo ta ciki ta buga. Jikata ta yi tsalle har ta taɓa ta da yatsa, amma ta shige. Alƙalin ya ce daga inda yake bai gani ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin takaicin.

Bayan an tashi ba ta yi kuka ba. Ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata, da gumi da komai, na bar ta.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na rubuta wa hukumar gasar takarda shafi biyu a kan mataimakan alƙali. Ba don ƙwallo ba. Layin da ba a sa kowa ya duba shi ba, wahalar banza aka yi wajen miƙe shi.

Ɗana ya kira a waya, ya ce bai gane maganata ba, wai maƙwabta sun ce jiya an jiyo ni har daga babban fili, ina tsaye ina nuna alƙali da takalmi. Mutane ba su da aiki sai ƙarin gishiri. Muryata ta dushe, gaskiya ne. Sanyi ne ya kama ni.