Farantin da Na Auna wa Ammar

Abban Ammar,

Ammar ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallon makaranta. Ya farfaɗo, yana asibiti a Gwagwalada. Kayansa na zo gida ɗauka.

Likita ta ce yunwa ce. Wai saurayi mai ƙwallo kamarsa yana buƙatar kalori wajen dubu uku kullum. Ni kuwa tun da na fara rage ƙiba, da ɗan farantina nake auna masa, ina ce masa acici. Wallahi na kasa haɗa ido da ita. Ka yafe min.

Ka taho masa da tuwo, malmala uku.

Saudatu

Ga wata mata a bakin get ɗinmu da katin hukumar kare yara a wuya. Obadiah maigadi ya ce mai ciyar da yaron take nema.