Rigar Baba Mai Huji Uku

Zuwa ga ƙanwata Ferdousi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ciwon gwiwar? Gidan tarihin nan na birnin Khulna, mai tattara kayan waɗanda aka kashe a yaƙin neman 'yancin ƙasarmu na 1971, yana neman rigar da aka harbe Baba a cikinta. Shekara arba'in da huɗu tana akwatinki, asu na ci. Ki bayar a sa ta cikin gilashi, 'yan baya su gani.

Yayanki, Motaleb

Yaya,

Wa'alaikumus salam, gwiwa da sauƙi. Zan bayar, amma me za a rubuta a ƙarƙashinta? Ran nan kai kana ɓoye a gonar rama, ni ina bayan rumbu, da idona na gani. Sojojin ba su san Baba ba. Maƙwabcinmu Kasem Munshi ne ya nuna musu shi da haɓa, suka ɗirka wa Baba harsashi uku. Har yau yana sahun gaba a masallaci. Jiya a bakin kogi ya ce mini, "'Yar Malam, an tashi lafiya?" Na ce, "Ubana dai bai tashi ba." Ya yi dariya ya wuce da kifinsa. A rubuta sunansa, in ba haka ba rigata na nan.

Ƙanwarka, Ferdousi

Ferdousi,

Bayan gaisuwa, na kai maganarki wurin matar da ke kula da gidan tarihin. Ta ce, "Baba, nan ba kotu ba ce. Matattu muke tunawa." Za su rubuta "sojoji da 'yan kanzaginsu". Ta kuma ce wata rana jikokin Kasem za su zo da 'yan ajinsu, su ba su nuna kowa ba. Raina ya ɓaci. Amma Kasem ya haura shekara tamanin. Ki bar shi da Allah.

Yayanki, Motaleb

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya san sunansa, mutane ne ba su sani ba. Mu ma ba mu nuna kowa ba sa'ad da aka mai da mu marayu.

Rigar na hanya. Na ɗauki jan zare na ɗinka KASEM MUNSHI a ƙirjinta, tsakanin hujin farko da na biyu, ɗinki mai ƙarfi. In za su cire, sai sun sa mata almakashi. Ka tsaya a wurin ka gaya mini wanda ya riƙe shi.

Ƙanwarka, Ferdousi